Ruwan da ya haifi wuta: fashin baƙi kan asalin tsibiran Indonesiya

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Indonesiya a gabansa ya ƙura mata ido, zai lura cewa tsibiran da ke kudancin ƙasar a sahu suke, kamar 'ya'yan carbi a zare. Ga Sumatra, ga Jawa inda birnin Jakarta yake, sai Bali, Lombok, Sumbawa, Flores, har can gabas inda sahun ya naɗe kansa a tekun Banda. Sahun nan ya lanƙwashe kamar bakan da aka ɗaura wa tsarkiya, doron bakan yana fuskantar Tekun Indiya. Idan aka haɗa da tsibiran Andaman da Nikoba na Indiya, waɗanda su ne wutsiyarsa ta arewa, tsawonsa ya haura kilomita 5,000. Masana ilimin duwatsu suna kiransa bakan Sunda.

A kan wannan baka ne akasarin duwatsu masu aman wuta na Indonesiya suke zaune, ƙasar da ke da kusan 130 masu rai. Idan kuma mutum ya bar gaɓa ya nausa kudu cikin teku, bayan tafiyar kilomita 200 zuwa 300 zai iske ƙasan teku ya rufta ya zama dogon kwazazzabo, wanda zurfinsa a kudu da Jawa ya wuce mita 7,000. Kwazazzabon yana bin tsibiran sau da ƙafa, inda suka karkata nan yake karkata. Wannan tafiya tare da suke yi, rami daga waje, wuta daga ciki, ita ce bakin zaren labarin gaba ɗaya.

Wanda ya fara jin ƙanshin abin da ke faruwa a ƙarƙashin wannan rami wani masani ne ɗan ƙasar Holan, Felix Vening Meinesz, a zamanin da ƙasarsa ke mulkin mallakar tsibiran. Aikinsa auna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi zuwa gare ta, da wata na'ura mai lilo. Na'urar ba ta son jijjiga, jirgin ruwa kuwa ba ya rabuwa da tangaɗi, don haka ya koma shiga jirgin yaƙi mai nutso, domin can ƙarƙashin ruwa igiya ba ta kaɗa komai. Mutumin dogo ne ƙwarai, amma haka ya yi ta zama watanni a takure cikin ɗan ƙuƙumin jirgi. A shekarun 1929 da 1930 ya zagaye tekunan Indonesiya, ya gano wani siririn zirin da ya bi kwazazzabon, inda jan ƙasa ya gaza abin da lissafi ya nuna. Fassararsa ita ce akwai wani ƙarfi da ke tanƙwara ƙasan teku yana danna shi ciki. Bai kai ga cikakkiyar amsa ba, amma ya nuna inda za a tona.

Masu nazarin girgizar ƙasa ne suka kawo sauran shaidar. Kiyoo Wadati na Japan da Hugo Benioff na Amurka, kowanne a nasa lokacin, sun lura cewa a irin waɗannan wurare cibiyoyin girgizar ƙasa suna da tsari. Waɗanda ke kusa da kwazazzabo ba su da zurfi. Da zarar an matsa zuwa wajen tsibirai sai zurfinsu ya yi ta ƙaruwa. A ƙarƙashin tekun da ke arewa da Jawa, akan sami girgizar da ta taso daga zurfin da ya wuce kilomita 600. Idan aka ɗiga kowace girgiza a takarda gwargwadon zurfinta, ɗige-ɗigen sai su fitar da hoton wani allo da ya sunkuya daga bakin kwazazzabo ya nutse ƙarƙashin tsibiran. Sai a shekarun 1960, bayan an tabbatar cewa ƙasan teku yana buɗewa a wasu wurare yana haifar da sabon dutse, aka gane ko mene ne wannan allo. Ƙasan Tekun Indiya ne da kansa yake komawa cikin duniya.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu. Mutane da yawa sun ɗauka cewa a ƙarƙashin ƙafafunmu akwai tekun narkakken dutse, duwatsu masu aman wuta kuma ramuka ne da yake ɓullowa ta cikinsu. Ba haka abin yake ba. Duniya tana da ɓawo, a ƙarƙashin ɓawon akwai tsoka mai kaurin kusan kilomita 2,900, kuma wannan tsoka daskararren dutse ce. Tana da zafi matuƙa, amma nauyin da ke kanta ya hana ta narkewa. Abin da take yi shi ne malala a hankali a hankali, 'yan santimitoci a shekara. Ɓawon da saman tsokar mai sanyi sun haɗu sun zama wani sulke mai kaurin kimanin kilomita 100, sulken kuma ba guda ba ne, a fashe yake kamar ƙwaryar da ta faɗi ta zama sakaina-sakaina. Waɗannan gutsattsarin su ake kira farantan ƙasa, kowanne kuma yana tafiyarsa.

Farantin da ya shafe mu a nan shi ne wanda ke ɗauke da Ostareliya da gabashin Tekun Indiya. A da can Ostareliya a manne take da Antatika, su biyun kuma ɓangare ne na tsohuwar nahiyar Gondwana tare da Afirka da Indiya da Kudancin Amurka. Bayan rabuwarsu, kimanin shekara miliyan 45 da suka wuce, Ostareliya ta ƙara mai ta nufi arewa. Har yau tafiyar take, kusan santimita 7 a kowace shekara. Mutumin da ya yi shekara 70 a duniya, a tsawon rayuwarsa nahiyar ta gusa da kusan mita 5. Abin ya kai hukumomin Ostareliya sun sake daidaita ma'aunin taswirarsu, domin tsakanin 1994 da 2020 ƙasar ta bar inda taswira ta ajiye ta da kusan mita 1.8.

Abin da ke gaban wannan faranti shi ne gefen Asiya, kuma dole ɗaya ya ba ɗaya hanya. Dutsen ƙasan teku ya fi na nahiya nauyi tun asali, kuma yana ƙara nauyi yayin da yake tsufa yana hucewa. Wanda ke kudu da Jawa ya haura shekara miliyan 100. Saboda haka shi ke sunkuyawa, kuma da zarar bakinsa ya nutse, nauyin abin da ya riga ya shiga shi ke janyo sauran, kamar bargon da gefensa ya zubo daga gado ya ja ragowar zuwa ƙasa. Kwazazzabon Sunda shi ne daidai inda farantin ya tanƙwara ya fara gangarawa.

To, ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan batu, kuma ita ce ta fi burge ni. Abin da ke nutsewa dutse ne mai sanyi, wanda ya yi miliyoyin shekaru kwance a ƙarƙashin ruwan teku. Ta yaya shigar abu mai sanyi cikin ƙasa zai haifar da wuta a sama? Da can an zaci gogayyar farantan biyu ce ke kawo zafin. Lissafi ya nuna ba ta isa ba. Amsar ita ce ruwa.

Ƙasan teku ba ya shiga cikin duniya a bushe. Tsawon zamansa a ƙarƙashin teku, ruwa ya ratsa tsagoginsa ya shiga jikin ma'adinansa, ya zama wani ɓangare na ƙirarsu, ga kuma laka da ta taru a kansa. Yayin da farantin ke gangarawa, zafi da matsi suna ƙaruwa, ma'adinan nan suna sauya kama suna sakin ruwan da suka riƙe. Ruwan sai ya tashi ya shiga tsokar duniya da ke bisa farantin, wadda take da zafi sosai amma ba ta kai ga narkewa ba. Shigar ruwa cikin dutse mai zafi tana rage yawan zafin da yake bukata kafin ya narke, da ɗaruruwan digiri. Masu yin gilashi sun san irin wannan dabara, domin yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai da wuta mai tsanani, amma idan aka cuɗa shi da wani gishiri dangin kanwa sai ya narke da wutar da ba ta kai haka ba. Abin da gishirin ke yi wa yashi, shi ruwan teku ke yi wa tsokar duniya. Ɗan kaɗan daga cikinta ke narkewa, narkakken kuma ya fi abin da ke kewaye da shi sauƙin nauyi, sai ya kama hanyar sama.

Wannan shi ya bayyana sahun da muka fara da shi. Narkewar tana kankama ne a inda farantin ya kai zurfin kimanin kilomita 100 ko ɗan fiye. Tun da farantin a sunkuye yake, ba ya kai wannan zurfi sai ya yi nisa da kwazazzabo. Don haka babu dutse mai aman wuta a bakin ramin, sai can ciki, kuma duk sun jeru a layi guda da ya yi daidai da wancan zurfi. Merapi da Semeru na Jawa, Agung na Bali, Rinjani na Lombok, Tambora na Sumbawa, kowannensu tuta ce da aka kafa a sama da wurin da ƙasan teku ke zubar da ruwansa.

Lanƙwasar kuwa dalilinta siffar duniya ce. Wani masani ɗan Ingila, Charles Frank, ya yi bayaninta a 1968 da misalin 'yar ƙwallon roba mai tauri: idan ka danna ta da yatsa ta loɓa, bakin loɓawar kullum da'ira yake yi. Allon da ke kan abu mai siffar ƙwallo ba zai tanƙwara ciki a kan miƙaƙƙen layi ba. Bayanin bai warware komai da komai ba, domin tsaunukan ƙarƙashin teku da gefunan nahiyoyi su ma suna murɗa layin, amma ya nuna abin da ya sa tsibiran Aleutian da na Mariana da ƙananan tsibiran Karibiyan duk suka yi baka.

Ruwan nan bai tsaya ga narkar da dutse ba, yana biyo shi zuwa sama a narke a cikinsa. A hanya narkakken dutsen yakan tsaya a cikin ɓawon ƙasa, ya yi kauri ya yi danƙo. Idan ya kusa fitowa, matsi ya ragu, ruwan da sauran iskar da ke ciki sai su nemi zama tururi lokaci guda, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, danƙon kuma ya hana su fita salin-alin. Shi ya sa duwatsun Hawaii, waɗanda narkakken dutsensu tsinkakke ne kuma ba shi da ruwa sosai, suke kwarara kamar rafi, na bakan Sunda kuwa fashewa suke yi.

Tarihi ya ga wannan fashewa da idonsa. A watan Afrilu na 1815 Tambora ya yi aman da ba a taɓa rubuta wanda ya kai shi girma ba. Dutsen da ake ƙiyasta tsawonsa ya haura mita 4,000 ya koma mita 2,850, kansa ya zama ƙaton rami. Dubun-dubatar mutane suka mutu a Sumbawa da Lombok, akasarinsu saboda yunwa da cutar da suka biyo baya. Hayaƙin farar wuta da ya watsa sama ya rage hasken rana a duniya, har Turai da Arewacin Amurka suka kira 1816 shekarar da ba ta da bazara, amfanin gona ya lalace. Ranar 27 ga Agusta 1883 Krakatau, da ke mashigin ruwa tsakanin Sumatra da Jawa, ya tarwatse. An ji ƙararsa a tsibirin Rodrigues, nisan kusan kilomita 4,800. Fiye da mutum 36,000 suka rasu, mafi yawansu igiyar ruwa ce ta cinye su. A 1927 wani sabon dutse ya leƙo daga teku a gurbinsa, aka sa masa suna Anak Krakatau, wato ɗan Krakatau, kuma a Disambar 2018 gefen ɗan ya zabtare cikin ruwa ya tayar da igiyar da ta kashe fiye da mutum 400. Duk waɗannan yara ne idan aka kwatanta da Toba na arewacin Sumatra, wanda ya fashe kimanin shekara 74,000 da suka wuce. Ramin da ya bari shi ne tafkin Toba na yau, mai tsawon kusan kilomita 100.

Baka guda ne, amma ba halinsa ɗaya ba daga wannan kai zuwa wancan. Sumatra tsohon gutsuren nahiya ne da duwatsu masu aman wuta suka tsiro a kansa. Daga Lombok zuwa Flores kuwa, kusan a ce aman wutar ne ya gina tsibiran tun daga ƙasan teku. Akwai kuma bambancin kusurwa. A kudu da Jawa farantin yana shigowa gaba da gaba. A Sumatra, da yake bakan ya karkata zuwa arewa maso yamma, a kaikaice yake shigowa, yana nutsewa yana kuma jan gefen tsibirin zuwa arewa. Jan nan ya tsaga Sumatra a tsaye, tsagar da ta kai kusan kilomita 1,900, ta bi tsaunukan Barisan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mutanen Sumatra suna zaune tsakanin hatsari biyu ke nan, na teku da na tudu.

A yamma da Sumatra akwai wani ƙaramin sahun tsibirai tsakanin gaɓa da kwazazzabo: Simeulue, Nias, tsibiran Mentawai, Enggano. Babu dutse mai aman wuta ko ɗaya a cikinsu. Laka ce da duwatsun da aka kankare daga saman farantin da ke nutsewa suka taru suka yi tudu har suka fito sama da ruwa. Suna zaune daidai kan wurin da farantan biyu suka ciji juna. Farantin da ke ƙasa yana jan na sama yana danna shi shekara da shekaru, tsibiran suna nutsewa kaɗan-kaɗan, ruwa yana cin gindin bishiyoyin kwakwa. Ranar da cizon ya saki, na sama sai ya zabura ya koma. Murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa, yana rubuta wannan tarihi a jikinsa, domin ba ya girma sama da inda ruwa ke tsayawa. Daga karanta shi ne masana ilimin duwatsu Kerry Sieh da Danny Hilman Natawidjaja da abokan aikinsu suka fitar da sawun manyan girgizar ƙasa na 1797 da 1833 a yankin Mentawai, suka nuna cewa abin yana dawowa kusan kowace shekara 200.

Ranar 26 ga Disamba 2004 cizon ya saki a arewa. Tsagewar ta faro kusa da Simeulue ta yi gudu zuwa Andaman, tsawon kusan kilomita 1,300, girgizar ta kai maki 9.1. Ƙasan teku ya ɗaga, ya ɗaga ruwan da ke kansa, gagarumar igiyar ruwan da ake kira tsunami ta bazu a Tekun Indiya har gaɓar gabashin Afirka. Kusan mutum 230,000 suka rasa rayukansu, mafi yawansu a lardin Aceh. Amma a Simeulue, da ke dab da cibiyar girgizar, waɗanda suka mutu ba su kai goma ba cikin mutum fiye da 70,000. Tun bayan igiyar da ta afka musu a 1907, iyaye suke gaya wa 'ya'ya labarin abin da suke kira smong: idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi, teku ya ja da baya, a bar komai a hau tudu. Da ranar ta zo, haka suka yi. A ganina wannan labari ya cancanci a riƙa ambatonsa tare da duk wata na'urar gargaɗi da aka kafa daga baya, domin wanda ke kusa da kwazazzabo mintoci kaɗan gare shi, girgizar da ya ji a ƙafarsa ita ce sanarwar farko.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya zaunar da mutane a irin wannan wuri? Jawa tsibiri ne da bai kai murabba'in kilomita 140,000 ba, amma yana ɗauke da mutum fiye da miliyan 150, sama da rabin al'ummar Indonesiya. A arewa da shi ga Borneo, wanda ya ninka shi fiye da sau biyar a girma, ba shi da dutse mai aman wuta da ke aiki, girgizar ƙasa ba ta cika damunsa ba, amma mutanensa ba su kai miliyan 25 ba. Babban dalilin yana cikin ƙasar noma. A yankuna masu zafi da yawan ruwan sama, ruwa yana wanke sinadaran ƙasa ya bar ta ja, ba ƙarfi. Ƙasar Borneo ta daɗe tana shan wannan wanki babu mai mayar mata. Jawa da Bali kuwa, kowane aman wuta yana shimfiɗa musu sabuwar toka, zafi da damshi su ruɓar da ita da wuri ta zama taki. Manomin da ke samun ruwan ban-ruwa yana girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Shi ya sa bayan aman Merapi na 2010, wanda ya kashe fiye da mutum 300 ya kuma tilasta kwashe dubban ɗaruruwa, mutane suka koma gonakinsu a gindin dutsen. Ni ban ga wauta a wannan komawa ba. Daga zafin da ke ƙarƙashin waɗannan duwatsu ne kuma Indonesiya ke samun tururin da ya sa ta zama ta biyu a duniya, bayan Amurka, wajen samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa, daga shi ne tagulla da zinariyar mahaƙar Batu Hijau a Sumbawa suka taru, haka ma farar wutar da ake sara da hannu a ramin dutsen Ijen na Jawa.

Idan aka ci gaba gabas, za a iske inda labarin ya fara ƙarewa. Farantin da ke nutsewa ba teku kaɗai yake ɗauke da shi ba, yana jan Ostareliya a bayansa. A daidai Timor ƙasan tekun ya ƙare, gefen nahiyar ya iso bakin kwazazzabo a 'yan miliyoyin shekarun nan. Dutsen nahiya ba shi da nauyin da zai nutse da nisa, sai ya toshe ramin. Tsibirin Timor tarin duwatsun gefen Ostareliya ne da suka cukurkuɗe suka taso, har ana samun tsohon murjanin teku a kan tsaunukansa, ɗaruruwan mitoci sama da ruwa. A arewa da shi, duwatsun tsibirin Wetar da maƙwabtansa sun daina aman wuta, domin jiƙaƙƙen ƙasan teku ya daina shiga ƙarƙashinsu. Amma Ostareliya ba ta tsaya ba, matsin ya nemi wata mafita, ya ɓalle ta bayan bakan, inda wata sabuwar tsaga ta buɗe a arewa da Flores da Lombok. Ita ce ta girgiza Flores a Disambar 1992 ta tura igiyar ruwa kan garin Maumere, ita ce kuma ta rushe ƙauyukan arewacin Lombok a 2018.